Daga Sarewa zuwa Libarba: Yadda Harsuna Suka Raɗa wa Ƙaramar Bindiga Suna

Kalmar da akasarin harsunan Turai suke kiran ƙaramar bindiga da ita, wadda mutanen Ingila ke cewa pistol, Faransawa pistolet, Jamusawa Pistole, mutanen Italiya da Sifaniya da Fotugal kuma pistola, babu wani abu a cikin asalinta da ya shafi kisa ko yaƙi ko ma wuta. A bisa ra'ayin da ya fi rinjaye a wajen masana tushen kalmomi, ma'anarta ta farko ita ce sarewa, wato abin busa. Wannan al'amari ya daɗe yana jan hankalina, kuma da na bi sawun sunayen makamin a wasu harsunan sai na ga cewa kusan kowace al'umma ta raɗa masa suna ne da abin da ta fara gani a jikinsa lokacin da suka haɗu, sunan kuma ya ci gaba da zama daram ko bayan makamin ya sauya kama gaba ɗaya. Saboda haka wanda ya natsu ya karanta waɗannan sunaye zai iya gane zamanin da bindigar ta iso wa mutane, da hanyar da ta biyo, da irin wadda suka fara riƙewa a hannunsu.

Labarin sarewar ya faro ne daga ƙasar Bohemiya, wadda take cikin Jamhuriyar Cek ta yanzu. A shekarar 1415 aka ƙone malamin addinin Kirista Jan Hus a birnin Konstanz bisa zargin ya kauce wa koyarwar cocin Roma, abin da ya harzuƙa mabiyansa har aka shiga yaƙe-yaƙen da suka ɗauki tsawon lokaci daga 1419 zuwa 1434. Yawancin waɗannan mabiya manoma ne da mazauna gari, ba su da dawakan yaƙi ko sulken da mayaƙan sarakuna suke taƙama da su, don haka jagoransu Jan Žižka, wanda ido ɗaya gare shi kafin daga baya ya makance gaba ɗaya, ya ɓullo da wata dabara. Sai a jera kekunan dawaki a ɗaure su da sarƙa su zama ganuwa, mayaƙa su laɓe a bayansu suna harbin mahayan da suka taso musu. Cikin makaman da suke harbin da su akwai wani bututun ƙarfe siriri da aka ɗaura a kan sanda, wanda ake ɗura wa albarushi ta baki, a cinna masa wuta ta wani ɗan rami da ke kusa da gindinsa. Mutumin da ya ga dogon bututu mai rami a gefe, a zamanin da babu wani suna da aka tanadar wa irin wannan abu, me zai tuna in ba sarewa ba? Haka kuwa suka kira shi, píšťala, kalmar da har yau take nufin abin busa a harshensu. Maƙwabtansu masu magana da Jamusanci, waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu a bakin wannan sarewa, suka ɗauki sunan suka lanƙwasa shi yadda harshensu zai iya, ya riƙa fitowa a rubuce-rubucen ƙarni na 15 da siffofi irin su pitschale da pitschole da petsole.

Abin da ya ƙara wa wannan bayani ƙarfi shi ne ba ita kaɗai ce kalmar da ta fito daga waɗannan yaƙe-yaƙe ba. Igwar da mutanen Žižka suke harba wa cincirindon abokan gaba sunanta houfnice, daga houf mai nufin taro, ita ce ta zama Haubitze a Jamusanci, ta zama howitzer a Turanci, sunan da manyan bindigogin atilare suke amsawa har gobe. A Rasha ma tsohuwar bindigar ƙarni na 15 da na 16 sunanta pishchal, daga tushe ɗaya da na sarewar. Turkawa kuwa, ba tare da sun ara daga kowa ba, sun bi irin wannan tunani, domin kalmarsu ta doguwar bindiga, tüfek, ta samo asali ne daga tüwek, wani bututu da ake hura ƙwallon laka ta cikinsa don harbin tsuntsaye, wanda Mahmud al-Kashgari ya ambata a ƙamusunsa tun ƙarni na 11.

Akwai wani bayani na biyu da ya fi wannan daɗewa a littattafai, ya kuma fi daɗin faɗi. A yankin Toskana na Italiya, kusa da birnin Florence, akwai wani gari mai suna Pistoia da ya shahara da ƙira, musamman ƙirar wata gajeriyar wuƙa da ake kira pistolese. Masanin nan na Faransa Henri Estienne, wanda ya yi rubutu a shekarun 1560, ya ce waɗannan wuƙaƙe ne aka kawo Faransa aka kira su da sunan garinsu, sunan ya yi ta sauyawa har ya zama pistolet, sa'an nan da ƙananan bindigogi suka bayyana sai aka mayar da sunan kansu, tun da su ma makamai ne gajeru da ake sakawa a ɗamara. Ba na raina wannan magana, domin mutumin ya rayu a daidai lokacin da kalmar take sabuwa a bakin jama'a. Sai dai kasancewar mutum ya ji kalma tana yawo a zamaninsa ba ya nufin ya ga inda aka haife ta, kuma masanan wancan ƙarni sun saba danganta kalma da duk sunan garin da ya yi kama da ita. Kama da wane kuwa ba wane ba ne. Ni dai hujjar Bohemiya ta fi gamsar da ni, saboda a can kalmar tana nufin bindiga tun daga farko, ba ta buƙatar a yi mata tsallake daga wuƙa zuwa wuta, kuma wasu manyan ƙamusoshin Italiyanci na yanzu su da kansu suna cewa pistola ta shigo musu ne daga Faransanci. Da a ce Pistoia ce mahaifarta, da Italiyawa ba su jira Faransawa sun miƙo musu ita ba. Abin da zan iya yarda da shi shi ne sunan wuƙar ya taimaka wa baƙuwar kalmar ta sami wurin zama a kunnen Bafaranshe.

Duk da haka akwai gibin da ya kamata a cike, domin sarewar Bohemiya makami ne na hannu biyu, ƙaramar bindiga ta gaskiya kuma sai bayan kusan shekara 100 ta samu. Matsalar ita ce wuta. Muddin sai mutum ya riƙe igiya mai ci da wuta kafin ya yi harbi, ba zai iya sa bindiga cikin riga ko ya harba ta da hannu ɗaya yana bisa doki ba. Wajen shekarar 1500 ne maƙera a Turai suka ƙirƙiro wani ɗan faifan ƙarfe mai kaushi da ake wana shi da mabuɗi, idan aka ja kunama sai ya juya da sauri ya goga wani dutse, tartsatsi ya faɗa kan albarushi. Daga nan aka sami bindigar da za a iya ɗurawa a ɓoye ta, abin da ya tayar wa masu mulki hankali har Sarki Maximilian na Ɗaya, mai mulkin ƙasashen Jamus, ya haramta irinta tun wajen 1517. Tsoron nasa bai zama na banza ba, domin a 1584 da irin wannan bindiga Balthasar Gérard ya kashe William na Orange, jagoran mutanen Holan, a gidansa da ke Delft. Waɗanda suka fi kowa amfani da sabon makamin su ne mahayan Jamus da ake kira Reiter, sojojin haya da suka yi ta yaƙi a Faransa a tsakiyar ƙarni na 16, daidai lokacin da kalmar pistolet ta fara bayyana a rubutun Faransanci. Ke nan ga makami, ga masu ɗauke da shi, ga kuma harshen da tsohuwar kalmar take kwance a cikinsa.

Daga Faransa kalmar ta bazu ko'ina. Rashawa da mutanen Poland suka ɗauki pistolet, masu magana da Hindi da Urdu suka ce pistaul, masu Swahili a gabar gabashin Afirka, inda 'yan Fotugal suka daɗe, suka ce bastola, Japanawa suka ce pisutoru. Faransawa sun ma ara wa wani kuɗin zinariya na Sifaniya sunan pistole. Mutanen Cek su ma sun karɓi kalmar da ta dawo musu daga yawon duniya, yau suna kiran ƙaramar bindiga pistole, sarewa kuma tana nan da sunanta na asali, kalmomi biyu a harshe ɗaya waɗanda uwa ɗaya ta haifa.

Wasu harsunan ba su dubi siffar makamin ba, sun dubi gaɓar da take riƙe shi. Sinawa suna cewa shouqiang, wato mashin hannu, kuma dalilin da ya sa mashi ya shigo maganar shi ne kakan dukan bindigogi wani mashi ne da ake ɗaura wa gorar da aka cika da albarushi, wanda aka yi amfani da shi a yaƙin garin De'an a 1132. Bindigar hannu ta tagulla da aka tono a yankin Heilongjiang, wadda aka ƙera a 1288 ko kafin haka, tana cikin mafi tsufa da aka sani a duniya, amma har yau kalmar mashi ba ta bar bakin Sinawa ba. Japanawa suna da kenju, Koriyawa suna da gwonchong, dukansu ma'anarsu bindigar dunƙulen hannu, haka kuma Jamusawa a harshen hukuma suke cewa Faustfeuerwaffe, makamin wuta na dunƙulen hannu. Ita kanta gun ta Turanci, wadda take cikin handgun, masana da yawa suna danganta ta da sunan mace na mutanen arewacin Turai, Gunnhildr, domin a lissafin makaman fadar Windsor na 1330 an rubuta wata babbar na'urar harbi da ake kira Domina Gunilda.

Sunan da ya fi burge ni a wannan rukuni shi ne na Turkawa da Farisawa. Tabanca a Turkanci da tapanche a Farisanci, kafin su zama sunan bindiga, ma'anarsu mari ce, marin da ake yi da tafin hannu. Wanda ya raɗa wannan suna ya haɗa abubuwa uku a kalma ɗaya, wato hannu guda, da ƙara mai firgitarwa, da kusanci, domin tsohuwar ƙaramar bindiga ba ta da tabbas sai mutum ya matso dab da wanda yake hari. Kalmar ta bi daular Usmaniyya ta shiga Masar ta zama tabanga, ta kuma gangara Indiya inda aka raba ta gida biyu, tamancha ta zama bindiga, tamacha ta ci gaba da zama mari.

Sai zamanin ƙidaya, wanda ya zo da Samuel Colt. Kafin shi, ƙaramar bindiga yawanci harbi ɗaya take yi, sai an tsaya an sake ɗura ta, kuma ina ganin inuwar wancan zamani a kalmar fard da mutanen ƙasashen Sham suke kiran ƙaramar bindiga da ita, wadda asalin ma'anarta tilo. A 1836 Colt ya yi rajistar ƙirarsa a Amurka: wata 'yar gangar ƙarfe mai ramuka a bayan bututun, kowane rami da harsashinsa, duk lokacin da aka ɗana bindigar sai gangar ta juya ta kawo sabon rami saitin bututu. Daga wannan juyawa aka sami sunan revolver, wato libarba a Hausa, daga kalmar Latin mai nufin juyawa. Ƙirarsa ta farko ramuka 5 gare ta, amma daga ƙirar 1847 shida ya zama adadin da aka fi sani, kuma wannan adadi ne ya ratsa harsunan Gabas ta Tsakiya. Larabawa suka ce musaddas, wato mai shida, kalmar da duk wanda ya karanci rabon gado zai gane tushenta nan take, domin ita da sudusi gida ɗaya suka fito, kuma ita ce dai ake kiran zane mai kusurwa shida da ita a lissafi. Turkawa suka ce altıpatlar, mai fashewa sau shida. Farisawa suka ce sheshlul, mai bututu shida, daga baya kuma suka ƙara da hafttir, mai harsashi bakwai, adadin da libarbar Nagant ta 1895 da bindigar Browning ta 1900 kowace take ɗauka. A nan ne abin da na faɗa tun farko ya fi fitowa fili. Ɗan sandan da yake rataye da Glock 17 a Alƙahira ko Riyad, bindigar da take ɗaukar harsashi 17 kuma ba ta da wata ganga mai juyawa, musaddas yake riƙe da shi a Larabcin jarida da na kotu, kuma babu wanda yake jin an yi kuskure, saboda lissafin da ke cikin kalmar ya daɗe da yin barci.

A wasu wuraren sunan maƙerin ne ya danne komai. Rashawa sun daɗe suna kiran libarba nagan, daga 'yan'uwan nan biyu Émile da Léon Nagant na birnin Liège a Beljiyam. A Iran ana cewa kolt. A Faransa da Poland da Rasha an yi zamanin da kowace ƙaramar bindiga mai ɗura kanta browning ce, daga John Browning, wanda da ɗaya daga cikin ƙirarsa Gavrilo Princip ya harbe yariman Ostiriya Franz Ferdinand a birnin Sarajevo a ranar 28 ga Yunin 1914. Henry Deringer na Philadelphia kuwa, wanda da 'yar bindigarsa aka kashe Shugaba Abraham Lincoln a 1865, sunansa ya zama na kowace bindigar aljihu amma da ƙarin harafi, derringer, rubutun da ya yaɗu a jaridu da kuma jikin bindigogin masu kwaikwayon ƙirarsa.

Akwai harshe ɗaya da aka zauna takanas aka ƙera wa makamin suna. Eliezer Ben-Yehuda, wanda ya sadaukar da rayuwarsa wajen mayar da Ibrananci harshen yau da kullum a ƙarshen ƙarni na 19, ya ɗauko kalmar ekdah daga Littafin Ishaya, sura ta 54 aya ta 12, inda take nufin wani dutse mai daraja da ke ƙyalli kamar wuta, ya ɗora ta a kan bindiga saboda tushenta yana nufin ƙyasta wuta. Wannan tushe ɗaya ne da ƙadaha na Larabci, wanda ya zo a aya ta biyu ta Suratul Adiyat, inda ake siffanta dawakan da kofatansu ke fitar da tartsatsi. Ko shi da ya zaɓi kalmar da gangan, tartsatsin tsohuwar bindiga ya kalla, a zamanin da aka riga aka daina ƙyasta dutse.

Hausa ma tana da nata rabon a wannan tarihi, kuma kalmominta suna nuna hanyoyi biyu da zamani biyu. Bindiga daga bunduƙ ta Larabci take, kamar yadda bunduki ta Swahili da banduk ta Hindi suke. Bunduƙ tun asali sunan wani ɗan itace ne mai ɓawo, ƙarami mulmulalle, wanda Girkawa suka danganta da yankin Pontus na gabar Baƙin Teku, daga nan sunan ya shiga Larabci. Sai Larabawa suka ara wa ƙwallayen laka masu irin girmansa sunan, waɗanda ake harba wa tsuntsaye da wani baka na musamman mai aiki kamar danƙon da yara ke harbi da shi. Da albarushi ya zo, ƙwallon dalma ya gaji sunan, abin da ke harba shi kuma ya zama bunduƙiyya. Wasu sun ce daga birnin Venice ne, tun da Larabawa suna kiran birnin al-Bunduƙiyya, amma bakan harba bunduƙ ya girmi bindiga da ƙarnuka, don haka wannan ma irin maganar Pistoia ce. Abin lura shi ne harafin g da ke cikin bindiga. Kalmomin da suka shigo Hausa ta hanyar littafi suna riƙe ƙ ɗinsu, kamar alƙali da alƙalami, amma Larabawan sahara da na wasu sassan arewacin Afirka g suke furtawa a wurin, wanda ke nuna cewa bindiga ta bakin fatake da mayaƙa ta iso, ba ta alƙalamin malamai ba. Tarihi ya yarda da wannan, domin a ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Borno yana da 'yan bindiga Turkawa, kuma a 1591 da bindigogi rundunar Maroko ta karya daular Songhai a Tondibi. Abokan tafiyarta ma daga can suke: harsashi daga ar-rasas mai nufin dalma, albarushi daga al-barud. Kunama ce kawai Bahaushe ya raɗa da kansa, yana duban lanƙwasar ƙarfen da kuma abin da ke biyo bayan taɓa shi.

Ƙaramar bindiga kuwa ta kudu ta shigo, a kugun hafsoshin Ingila na farkon ƙarni na 20, waɗanda makaminsu na hukuma tun 1887 shi ne Webley mai ramuka shida. Revolver suke kiranta, kunnen Bahaushe ya mayar da v zuwa b kamar yadda ya yi a direba da talabijin, ya sauya r ta farko zuwa l, aka sami libarba, kalmar da take nan a ƙamusoshin Hausa amma ta yi ƙaranci a bakin matasa. Yanzu a labarai an fi jin ƙaramar bindiga ko bindiga ƙirar fistol, inda p ta zama f kamar a fensir da fasinja, wato sarewar Bohemiya ta iso Hausa bayan kusan shekara 500 da barin gida.

Ba na son libarba ta ɓace, kuma dalilina bai tsaya ga ƙaunar tsohuwar kalma ba. Makaman biyu ba ɗaya ba ne. Libarba tana ajiye harsashinta a cikin ganga mai juyawa, ƙwanson da aka harba kuma yana nan a raminsa har sai mai ita ya buɗe ya zazzage. Fistol kuwa harsashinta yana cikin wani gida da ake cusawa ta ƙarƙashin mariƙi, kuma duk harbi ɗaya sai ta tofar da ƙwanso gefe. Mai binciken da ya iso wurin da aka yi harbi ya tarar da ƙwanso a warwatse a ƙasa, ko ya tarar babu ko ɗaya, ya riga ya sami abin da zai fara aiki da shi, kuma ɗan jarida ko tafintan kotun da yake da kalma ɗaya tak ga makaman biyu ba zai iya isar da wannan bambanci ga mai sauraro ba. Tun da Hausa ta riga ta mallaki kalmomin biyu, ina ganin daidai ne a bar ƙaramar bindiga ta zama sunan da ya haɗa su, a kira mai ganga libarba, a kira mai gidan harsashi a mariƙi fistol.